Kitso a Ma'aunin Kimiyya: Yadda Gashi Ke Tsawo Ba Tare da Wuta Ba

Gabatarwa

A garuruwan Boɗinga da Shagari, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, kitso sana'a ce wadda ba ta yankewa. Idan salla ta ƙarato, ko biki ya taso, gidan makitsiya kan cika maƙil tun da hantsi. A makarantun kwana na 'yan mata kuwa, ɗalibai kan yi wa juna tsifa da kitso a ƙarshen mako. Amma a yau shagunan gyaran gashi sun zo da wasu kayan aiki waɗanda kakanninmu ba su sani ba, wato na'urar busar da gashi, da ƙarfen miƙar da shi, da man da ake kira rilaksa, da kuma gashin doki da ake ƙarawa a kitso. Ana sayar da su a kasuwannin birnin Sakkwato, kuma ba su da wuyar isa ga garuruwan da ke kan hanyar da ta bi ta Boɗinga da Shagari zuwa Tambuwal.

Tambayar da 'yan mata da yawa kan yi ita ce: me ya sa gashin wance yake tsawo, nawa kuwa shekara da shekaru yana nan inda yake? Amsar da aka saba ji ita ce gado ne, ko kuma wance tana da wani mai na musamman. Ilimin halittu yana da tasa amsar. Gashin kowane mai lafiya yana tsirowa kullum. Abin da ke hana shi tsawo, galibi, shi ne yana karyewa daga baki daidai gwargwadon yadda yake fitowa daga tushe. Wannan darasi zai bayyana dalilin haka, da hanyoyin gyaran kai waɗanda ba su buƙatar wuta, da kuma inda kitson kansa yake komawa cuta.

Mene ne Gashi?

Kowane silin gashi yana da sashe biyu. Akwai tushe, wanda ke binne cikin wani ɗan rami a fatar kai. A can ƙasan ramin ne ƙwayoyin halitta masu rai suke rarrabuwa, suna samun abinci daga ƙananan hanyoyin jini. Yayin da sababbi suka samu, sai su tura tsofaffi sama. Kafin tsofaffin su leƙo waje sun cika da wani furotin mai tauri da ake kira keratin, sun mutu. Sashe na biyu shi ne silin da muke gani, kuma ba shi da rai. Shi ya sa aski ba ya zafi. Keratin ɗin nan shi ne a farce, da ƙahon saniya, da kofaton doki, da gashin tsuntsu.

Wannan batu shi ne ginshiƙin darasin. Fata idan ta yanke takan warke, ƙashi idan ya karye yakan haɗe, domin suna da rai. Silin gashi kuwa, duk lahanin da ya same shi yana nan tare da shi har ranar da ya faɗi ko aka yanke shi. Mai ko magani na iya lulluɓe lahanin, amma ba su ɗinke shi.

Idan aka duba silin a madubin ƙara girma, za a ga bayansa a rufe da wasu ɓawo-ɓawo masu hawa kan juna, kamar yadda ake jera shuci a jinkar ɗaki. Bakinsu yana fuskantar ƙarshen gashi. Wannan ɓawo shi ne garkuwa. A ƙarƙashinsa akwai tsokar gashin, wadda ta ƙunshi dogayen zaruruwan keratin a murɗe kamar igiya, kuma a nan ƙarfin gashi da launinsa suke.

Zaruruwan nan suna riƙe da juna ta hanyar ɗauri iri-iri, amma biyu ne suka fi shafar mu. Na farko ɗaurin haidirojin, wanda yake da yawa ƙwarai amma mai rauni ne. Ruwa yana kwance shi, idan gashi ya bushe kuma ya sake ƙulluwa. Na biyu ɗaurin salfa, wato sinadarin farar wuta, wanda yake da ƙarfi, ruwa ba ya kwance shi. Shi ne ke riƙe da ainihin siffar gashi. Ƙaurin da ake ji idan gashi ya ƙone daga wannan sinadari yake fitowa.

Lissafin Tsawon Gashi

Kan ɗan Adam yana ɗauke da silin gashi kimanin 100,000. Kowanne yana da zagayen rayuwarsa. Yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsirowa, sannan ya tsaya cikin 'yan makonni, ya huta na kusan wata 3, ya faɗi, wani sabo ya maye gurbinsa daga wannan ramin. Saboda haka zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba cuta ba ce. Wadda ta yi mako biyu da kitso, ranar tsifa za ta ga tarin gashi a mataji, domin abin da ya saki a cikin kwana 14 ne ya taru a cikin kitson.

A shekarar 2001 wata masaniya a Faransa, Geneviève Loussouarn, ta buga sakamakon awon da ta yi wa gashin wasu mutanen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Ta samu cewa yana tsirowa kimanin milimita 0.26 a rana, na Turawa kuwa kusan milimita 0.4. Mu ɗauki na farkon mu yi lissafi. A wata ɗaya kusan milimita 8 ke nan, a shekara kuwa santimita 9 da 'yan kai. Sili guda da ya yi shekara 4 yana tsirowa ba tare da ya karye ba zai haura santimita 35, wato ya wuce tsawon rular da ɗalibai ke riƙewa a aji. Yarinyar da ta shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, kafin ta gama aji uku kanta ya fitar da santimita 27 ko fiye. In har gashinta bai wuce tsawon yatsa ba a ranar da ta gama, to sauran ya tafi ne a bakin mataji.

Gado yana da nasa rabo, domin shi ke ƙayyade saurin tsirowa da yawan shekarun da sili zai yi kafin ya faɗi. Wannan ba ya hannunmu. Haka kuma aski ba ya ƙara wa gashi sauri ko kauri. Wata masaniyar Amurka, Mildred Trotter, ta gwada wannan tun 1928. Abin da ke hannunmu shi ne yawan abin da muke tsirarwa daga karyewa. A tuna kuma cewa bakin gashi shi ne sashe mafi tsufa. Bakin gashi mai santimita 27 ya shekara uku yana shan rana da ƙura da sabulu da mataji.

Siffar Gashinmu da Yanayin Ƙasarmu

Idan aka yanka silin gashin mutumin Sin a gicciye, za a ga bakinsa kusan da'ira ne. Na yawancin mutanen Afirka kuwa a shafe yake kamar ƙwai, kuma ramin da yake fitowa daga ciki a lanƙwashe yake. Wannan ne ke sa shi nannaɗewa. Siffar tana da amfani a ƙasa mai zafi, domin gashi mai nannaɗewa yana yi wa fatar kai inuwa, iska kuma tana ratsa shi. Amma tana da nata rauni. Kowace lanƙwasa wuri ne da silin zai iya tsinkewa idan aka ja shi. Silin kuma yakan sarƙe da maƙwabtansa, har ma ya ƙulle kansa da kansa. Bugu da ƙari, maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya gangarowa da sauƙi a kan sili mai murɗiya, don haka bakin gashi ke zama a bushe. A yankin Boɗinga da Shagari, inda Hausawa da Fulani suka daɗe da cuɗanya, ana samun gashi iri-iri, daga mai tsananin murɗiya zuwa mai laushi mai sakin jiki, amma wannan ƙa'ida ta shafe su duka, sai dai wani ya fi wani.

Sai kuma yanayi. Gashi yana shan danshi daga iska, yana kuma sakinsa. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar da ke busowa daga Sahara takan sa danshin iska a yankin Sakkwato ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Iskar da ke fasa leɓe da dunduniya ita ce ke busar da gashi, busasshen gashi kuwa kamar busasshen kara yake, da an tanƙwara sai ya karye. Da bazara, a Maris da Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, gumi ya taru a ƙarƙashin ɗankwali. Gashin da ke fama da waɗannan ba ya buƙatar a ƙara masa da wuta.

Abin da Wuta da Man Miƙarwa Ke Yi

Ƙarfen miƙar da gashi yana aiki ne ta hanyar kwance ɗaurin haidirojin da korar ruwan da ke cikin silin, sai gashi ya sandare a miƙe. Da zarar ya jiƙe, sai ya koma yadda yake. Matsalar ita ce zafin. Irin waɗannan ƙarafa sukan kai digiri 200 ko fiye, alhali ruwa yana tafasa ne a digiri 100. Idan aka ɗora ƙarfen a kan gashi mai danshi, ruwan da ke ciki yakan tafasa, tururi ya yi kumfa a cikin silin ya bar ramuka, daga nan ne zai karye. Shi kansa keratin mai danshi yana fara lalacewa daga wajen digiri 150. Kowa ya san yadda farin ƙwai ke sandarewa a kasko, kuma babu wanda ya taɓa mayar da soyayyen ƙwai ɗanye. Haka furotin yake idan zafi ya sauya shi. Matajin ƙarfe da ake ɗorawa a kan garwashi ya fi haɗari, domin babu ma'aunin da zai nuna zafinsa, kuma yakan ƙona fatar kai da kunne.

Man rilaksa ya fi wuta nisa a ɓarna. Yawancinsa yana ƙunshe da sinadarin soda mai ƙuna, wato sodiyam haidiroksaid, ko wani ɗan'uwansa. Ɗalibai sun san ma'aunin tsami da kanwa, wanda ke tashi daga 0 zuwa 14. Fatar kai da gashi suna wajen 5, wato suna da ɗan tsami. Man miƙarwa kuwa yana kai wa 12 zuwa 14. Yana kumbura silin, ya ɗaga ɓawon, ya shiga ciki ya tsinka ɗaurin salfa, kuma ɗaurin da ya tsinke ta wannan hanya ba ya komawa yadda yake. Gashi zai miƙe, ya yi sheƙi, amma ya rasa wani kaso na ƙarfinsa. Bayan wata biyu sabon gashi mai murɗiya zai fito, kuma mahaɗar sabo da tsoho ita ce wurin da ya fi saurin karyewa. Idan aka sake shafa man har ya taɓa tsohon, an ninka lahani ke nan.

Akwai kuma batun lafiyar jiki. A 2022 masu bincike a Cibiyoyin Nazarin Lafiya na gwamnatin Amurka sun buga sakamakon bibiyar mata fiye da 33,000 na tsawon kusan shekara 11. Sun samu cewa waɗanda ke amfani da man miƙar da gashi fiye da sau 4 a shekara, haɗarin kamuwarsu da sankarar mahaifa ya ninka na waɗanda ba su amfani da shi fiye da sau biyu: kimanin kashi 4 cikin 100 kafin shekara 70, a maimakon kashi 1.6. Ya kamata ɗalibi ya lura cewa irin wannan bincike yana nuna dangantaka ne tsakanin abu biyu, wanda ya bambanta da tabbatar da cewa ɗaya ne ya haddasa ɗaya. Duk da haka ya isa dalilin taka-tsantsan, musamman ga yara ƙanana.

Hanyoyin da Ba Su Buƙatar Wuta

Mun ga cewa ruwa yana kwance ɗaurin haidirojin, wato ainihin ɗaurin da ƙarfe mai zafi ke kwancewa. Ashe ke nan ana iya sauya siffar gashi da ruwa da haƙuri kawai. A jiƙa shi, a sa shi a siffar da ake so, a bar shi ya bushe a haka. A kan wannan ƙa'ida hanyoyin da ke tafe suka ginu.

1. Wanki. A raba gashi kashi huɗu ko shida, a yi wa kowane kashi kalaba sakwa-sakwa, sannan a wanke, don kada ya cukurkuɗe. Fatar kai ake cuɗawa da tafin yatsu, ban da farce. Sabulun wankin tufafi da ruwan kanwa suna ɗaga ɓawon gashi, don haka a guje su. Matan ƙasar nan sun daɗe da sanin karkashi, wanda Sakkwatawa ke kira yoɗo. Yauƙinsa yana sa sili ya zame a kan sili, sarƙa ta warware ba tare da ja ba. Ganyen magarya da na kurna kuma suna da sinadari mai kumfa da ke wanke datti a hankali.

2. Taza. Gashi mai murɗiya ya fi sauƙin tajewa yana da danshi da santsi. A fara warware shi da yatsu, sannan a sa mataji mai faɗin haƙora, a fara daga baki a hau zuwa tushe sannu a hankali. Wanda ya fara daga tushe yana tara ƙulli ne a gaba, sai ya tsinka su gaba ɗaya. Ƙarar ƙas-ƙas da ake ji wajen taza ƙarar karyewar gashi ce.

3. Busarwa. A matse ruwan da tsumma mai laushi, kada a goga. A bar gashi ya sha iska a inuwa kafin a ɗaura ɗankwali. Wannan ya shafi mai kitson da ta yi wanka ruwa ya shiga kanta. Danshi da ɗumi a ƙarƙashin lulluɓi su ne abin da ƙwayoyin naman gwari ke so.

4. Shafa mai. Mai ba ya ƙara wa gashi ruwa. Aikinsa shi ne ya rufe ruwan da ke ciki kada ya tsere, ya kuma rage gugar sili da sili. Don haka a shafa shi gashi yana da sauran danshi, a fi mayar da hankali ga baki. Man shanun da matan Fulani ke kawowa kasuwanninmu, da man kaɗe, da man gyaɗa, da man riɗi, duk suna wannan aiki. Wani bincike da aka buga daga Indiya a 2003 ya nuna cewa man kwakwa yana ratsa cikin silin, yana rage zubar furotin wajen wanki. Amma kada a cika fatar kai da mai, domin ƙwayar da ke haddasa amosani maiƙo ne abincinta, ƙurar hunturu kuma tana manne wa mai. Garin shebe da matan Cadi suka shahara da shi ma a kan wannan ƙa'ida yake: ana lulluɓe silin da shi tare da mai, a kitse, a daɗe ba a taɓa ba.

5. Miƙarwa da zare. Kitson zare, wanda Hausawa da Yarabawa da sauran al'ummun Afirka ta Yamma suka sani tun da daɗewa, shi ne amsar ƙarfe mai zafi. Ana raba gashi mai danshi, a nannaɗe kowane kashi da zare daga tushe zuwa baki. Idan ya bushe aka warware bayan kwana ɗaya ko biyu, za a same shi a miƙe da laushi, ɗaurin salfa kuwa ba abin da ya taɓa shi. Manyan kalaba da aka kwana da su suna yin kusan wannan aiki.

6. Kitso. Ko zane ne, ko shuku, ko kalaba, amfanin kitso a kimiyyance uku ne. Yana hana silin sarƙewa, yana ɓoye bakin gashi daga iska da guga, kuma yana hutar da kai daga mataji na kwanaki. Ɗankwali ma kariya ne daga rana da ƙura. Ya fi kyau abin da ke taɓa gashin ya zama yadi mai santsi, domin yadi mai kaushi yana tsotse maiƙo yana kuma gugar ɓawo, musamman wajen barci.

7. Lalle. Launin da ke cikin ganyen lalle yana kama keratin, ya yi wa silin wani siririn lulluɓi. Idan ya yi yawa yakan busar da gashi, don haka a bi shi da mai. A yi hattara da baƙin rini da ake haɗawa da lalle, domin yana ɗauke da sinadarin da ke sa fatar wasu ta kumbura ta yi ƙuraje.

Idan bakin gashi ya tsage, a datse shi da almakashi mai kaifi. In aka bar shi, tsagewar za ta yi ta hawa sama kamar yagewar zane.

Inda Kitso Ke Komawa Cuta

Duk abin da aka faɗa game da amfanin kitso yana da sharaɗi guda: kada ya yi tsauri. Sau da yawa akan auna gwanintar makitsiya da yadda kitsonta ya ɗaure tamau, yarinya tana hawaye ana ce mata ta daure. Wannan zafin saƙo ne daga tushen gashi, wato sashen da ke da rai. Idan aka yi ta jan tushe mako bayan mako, sai ya kumbura, gashin ya fita. Yawanci abin yana farawa ne daga goshi da gefen kunnuwa da ƙeya, inda gashi ya fi siranta. Likitocin fata suna kiran wannan sanƙon ja, kuma an fara bayyana shi a rubuce tun 1907, a tsakanin matan Girinlan masu ɗaure gashi da ƙarfi.

A 2007 Dokta Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta sun buga binciken da suka yi a unguwar Langa ta birnin Kef Tawun a Afirka ta Kudu. Sun samu wannan sanƙo a kan kashi 17 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta, da kusan kashi 32 cikin 100 na manyan mata. Abin ya fi tsanani ga waɗanda suka yi kitso mai ja a kan gashin da aka riga aka sa wa man miƙarwa. A lura da yadda adadin ya kusan ninkawa daga ƙuruciya zuwa girma. Lahanin taruwa yake yi.

A farkon al'amari, idan aka daina jan, gashi yakan dawo cikin watanni. Idan aka ci gaba shekara da shekaru, ramin gashin yakan mutu, tabo ya maye gurbinsa, kuma babu man da ke tsirar da gashi a kan tabo. Yarinyar da aka fara ja wa goshi tana shekara biyar na iya shiga ɗakin mijinta da goshin da ya ja baya har abada. Alamun gargaɗi su ne: zafi ko ciwon kai bayan kitso, da kasa kwanciya a daren farko, da ƙananan ƙuraje a gindin kitso, da fatar da ta ɗaga kamar laima a inda aka ja. Duk kitson da ya kawo ɗaya daga cikin waɗannan, a sassauta shi ko a tsefe a ranar.

Sauran ƙa'idojin su ne: a bar ƙananan gashin goshi kada a kama su, a riƙa sauya fasalin kitso da wurin tsaga, a bar kai ya huta kwana ɗaya ko biyu tsakanin tsifa da sabon kitso, a rage gashin doki, domin nauyinsa a kan tushe yake sauka, kowane irin kitso kada ya wuce mako 6 zuwa 8, kuma kada a ɗaure ɗankwali tamau a wuri guda kullum.

Hausawa sun ce ba a kitso da ƙwarƙwata, kuma a nan maganar tana nan a zahirinta. Mataji da kibiya da ɗankwalin aro suna yaɗa ƙwarƙwata da makero, musamman a ɗakunan kwanan ɗalibai. Kowa ta riƙe nata. Makeron kai yana shiga cikin tushen gashi, don haka maganin shafawa kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da na sha daga asibiti. Wadda ta ga gashinta yana zuba da yawa ko fatar kanta tana tabo, ta je asibiti mafi kusa, daga can ana iya tura ta ga likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Abinci

Tushen gashi da jini ake ciyar da shi, ba da abin da aka shafa ba. Yana buƙatar furotin da sinadarin ƙarfe, kuma ƙarancin jini na daga cikin abubuwan da ke sa gashin 'yan mata zuba. Wake, da gyaɗa, da nono, da ƙwai, da kifi, da hanta, da zogale, da rama, duk ana samun su a kasuwanninmu daga Sifawa har Kajiji. Haka kuma zazzaɓi mai tsanani ko haihuwa kan sa gashi ya zuba bayan wata 2 zuwa 4. Wannan yakan dawo da kansa.

Gwaje-gwaje Don Aji

Kowace ɗaliba ta yi amfani da gashin da ya saki daga matajinta, a tattara a binne bayan an gama, kamar yadda aka saba.

Na ɗaya: a ɗora sili a madubin ƙara girma, a kwatanta kusa da tushe da kuma baki. A zana abin da aka gani.

Na biyu: a ɗaura sili a jikin ƙusa, a rataya masa 'yar leda, a riƙa zuba yashi kaɗan-kaɗan har ya tsinke, sannan a auna yashin a sikeli. A maimaita da sili goma na gashin da ba a taɓa sa wa komai ba, da goma na wanda aka sa wa man miƙarwa. A fitar da matsakaicin kowanne.

Na uku: a jiƙa dogon sili, a miƙe shi a kan rula, a manne bakinsa biyu, a bar shi ya bushe. A saki, a duba siffarsa, sannan a sake jiƙa shi. Wane ɗauri ne ya kwance?

Na huɗu: a jiƙa soɓo a ruwa a tace. Ruwan yana zama ja a cikin abu mai tsami, ya koma kore a cikin mai kanwa. A ɗiga shi a ruwan lemon tsami, da ruwan karkashi, da ruwan sabulun wanki, da ruwan kanwa. A jera su bisa ga launi.

Kammalawa

Tushen gashi yana da rai, don haka a ciyar da shi, kada a ja shi. Silin gashi ba shi da rai, don haka a kiyaye shi, domin ba ya warkewa. Karkashi da man shanu da zare da kitso mai sassauci sun dace da waɗannan ƙa'idoji biyu. Ana fatan malaman kimiyya za su kai wannan darasi ga ɗalibansu, su kuma ɗalibai su kai shi gida ga iyaye da makitsa, musamman saboda ƙannensu ƙanana waɗanda ba su iya cewa a sassauta musu.

Tambayoyi Don Nazari

1. Me ya sa yanka a fata yake warkewa, amma tsagewar bakin gashi ba ta haɗewa?
2. Idan gashi yana tsirowa milimita 0.26 a rana, santimita nawa zai yi a shekara 6?
3. Bayyana bambancin abin da ruwa, da wuta, da man miƙarwa ke yi wa ɗaurin da ke cikin gashi.
4. Kawo alamu huɗu da ke nuna kitso ya yi tsauri, da abin da ya kamata a yi idan aka gan su.